Aikin Tsaron Daji Da Lafiyar Jama'a



Yau za mu ajiye zancen allura da ƙwayar magani, mu ɗauko zancen wata sana'a, watau aikin tsaron daji da namun da ke cikinsa. Na san wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin lafiya da malamin daji? To, dalilina biyu ne. Na farko, iyaye su kan tambaye mu wane aiki ya kamata yaro ya nufa in ya gama sakandare, kuma kowa likita ya ke so, ko soja, ko kwastan. Ban cika jin wanda ya ambaci aikin daji ba. Na biyu, cututtuka da yawa da ku ke kawo mana a nan tushensu yana can waje, a ruwan da ku ka sha, da abincin da ku ka rasa, da ɓeran da ya shigo rumbu. Mu muna jiran cuta ta iso sa'an nan mu yi mata magani. Mai tsaron daji, in ya san aikinsa, yana tare wata tun ba ta taso ba.

INUWAR NASSARAWA

Bari mu fara daga kusa. Sa'ad da Turawa su ka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su zauna cikin birni ba. Gabas da ganuwa su ka sauka, a Nassarawa, inda Sarki ya ke da gida na shan iska. A nan su ka shata unguwarsu, su ka sa aka jera itatuwa a bakin hanyoyi, maɗaci da darbejiya da sauransu. Ita darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. A 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bazu ko'ina har mu ka manta ba tamu ba ce.

Duk wanda ya bi ta Nassarawa a watan Afrilu da tsakar rana, lokacin da ma'aunin zafi ya ke wuce 40, sa'an nan ya shiga ɗaya daga sababbin unguwannin da ba su da ko bishiya ɗaya, jikinsa zai gaya masa bambanci. Wannan bambanci kuwa ba na jin daɗi kaɗai ba ne. Zafin bazara yana kayar da tsofaffi, da jarirai, da mata masu ciki, da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Mu kan gan su an kwaso su, jiki ya bushe, hankali ya gushe. Waɗanda su ka rena waɗannan itatuwa tun suna cikin tukwane, su ka yi ta ban ruwa da rani, su ka kore musu awaki, leburori ne da malaman daji waɗanda ba wanda ya san sunansu yanzu. Mutane na shan inuwarsu har yau, sai dai kullum ana sare ta ana kafa shaguna da gidajen mai. A 2025 Gwamnatin Kano ta hana a yi aiki da injin yanka itace sai da izini. Doka kuwa ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami mutanen da za su bi ta.

FALGORE DA RUWAN DA KANO KE SHA

In ka ɗauki hanyar Jos daga Kano, ka wuce Tudun Wada, za ka ratsa wani babban daji. Shi ne Falgore, nisansa daga birni kamar kilomita 150, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Da can akwai gwanki da kanki da mazo da gada da gyado da birai ba iyaka. Yanzu kam sun ragu ƙwarai.

Abin da na ke so ku lura da shi shi ne kogin. Kogin Kano ta cikin wannan daji ya ke biyowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga a ke sakin ruwan da manoman Kadawa da Kura da Bunkure ke noman shinkafa da tumatir da alkama da shi. Daga kogin nan ne kuma matatar Tamburawa ke ɗiban ruwan da a ke turawa famfunan Kano. Ragowar ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil, ya nufi Haɗeja da Nguru.

To, ga yadda abin ya ke. In ruwan sama ya sauka a inda akwai itatuwa da ciyawa, ganye ya kan karya ƙarfinsa, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka da rijiyoyi har cikin rani. In kuwa an sare itatuwan an ƙone ciyawar, ruwan sai ya faɗo kan ƙasa tsirara, ya kwashe ta ya yi gaba da ita. A sami kwazazzabo a gona, a sami ambaliya a kwari, laka kuma ta tafi ta kwanta a cikin madatsa tana cinye wurin da ruwa zai zauna. Ruwa mai laka ya fi wuyar tacewa, ya fi cin alam da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Rijiyar da da ta ke kai wa ga damina sai ta ƙafe tun watan Maris. Ran da rijiya ta ƙafe, ko famfo ya ɗauke, ina mutane za su? Kududdufi. Daga kududdufi kuwa sai amai da gudawa, sai taifot, sai tsargiya ga yaran da ke wanka a ciki. Saboda haka mutumin da ke yawo da ƙafa a Falgore yana hana a sare bakin kogi, da shi da mai zuba magani a Tamburawa aiki ɗaya su ke yi, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Ga kuma maganar abinci. Ku iyaye mata kun fi kowa sani. Kuka, da daddawar ɗorawa, da tsamiya, da man kaɗe, da kanya da ɗinya da magarya da aduwa da yara ke tsinka, duk daga itatuwan da ba wanda ya shuka su ke fitowa. Ganyen kuka yana da sinadarin da ke ƙara jini da wanda ke ƙarfafa ƙashi. Daddawa tana gina jiki, ita ce naman wanda ba shi da kuɗin nama. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, da hatsi ya ƙare, tsofaffi za su gaya muku ganyaye da 'ya'yan itatuwa ne su ka riƙe mutane da dama. Yaron da a ke kawo mana ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, sau da yawa in ka bincika tuwo ne kaɗai a gidan, miyar ba kome a cikinta. Kowace ɗorawa da aka mayar gawayi, an rage wa wata tukunya daddawa ta shekaru masu yawa.

INA UNGULU TA TAFI?

Wanda ya kai shekara arba'in ya san lokacin da ba a rasa ungulu a mahauta da bayan kasuwa. Yau yara da yawa a Kano ba su taɓa ganinta ba sai a hoto ko a gidan zu. An kashe su da guba, an kama su an sayar wa masu haɗa magunguna da tsubbu, an sare dogayen itatuwan da su ke sheƙa a kai. A 2015 masana na duniya su ka sa irin ungulun da mu ka saba gani a cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, to, sai me? Tsuntsuwa ce mai ƙazanta. Ku saurari abin da ya faru a Indiya. Can ma suna da ungulu miliyoyi. A shekarun 1990 makiyaya su ka fara ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, wanda ku ma kun san shi a kemis. Ashe in saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta sai ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulun su ka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, yana ɓata ruwa. Karnukan da ba su da masu su su ka sami abinci, su ka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 Gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi wannan magani, amma ta'adi ya riga ya auku. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta mutum wajen 500,000 ne su ka mutu tsakanin 2000 da 2005 a dalilin rashin ungulu. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfi wanda ke narkar da ƙwayoyin cuta iri iri. Ta kan share mushen jaki cikin sa'o'i kaɗan, ba ta neman albashi. Ita ce duba-garin da ba mu taɓa gode wa ba.

Haka mujiya, wadda mu ke jifa muna cewa tsuntsuwar mayu ce. Abincinta ɓera. Haka shaho, haka macizai da dama marasa dafi. Ɓera kuwa kun san abin da ya ke kawowa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa ta ƙasar Borno, wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, yana zuba shi cikin fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da garin da aka shanya. Ya fi tashi da rani. Da rani ne kuma samari ke cinna wa daji wuta don su kama gafiya da zomo. Wutar ta cinye maɓoyar ɓeraye da abincinsu, su kuwa su nufo rumbuna da ɗakunan kwana. An ci naman gafiya na dare ɗaya, an gayyato baƙon da zai iya kwantar da gida duka. Hana ƙunar daji yana cikin manyan ayyukan malamin daji.

Kada ku ɗauka cewa ko da yaushe masu aikin lafiya da masu aikin daji bakinsu ɗaya. A ƙarshen shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Anchau ta lardin Zazzau. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, shi kuwa tsando a duhuwar bakin rafi ya ke zama. Ma'aikatan lafiya su ka sa aka sassabe bakin rafuka masu yawa, aka ta da mutane aka kai su sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya. Aikin ya yi amfani, ciwon ya ja baya. A lokacin ba su da wata dabara da ta fi wannan. Yanzu akwai tarkon tsando da magunguna, ba sai an aske rafi ba. Na kawo wannan ne don ku gane aikin daji ba ƙaunar itace ba ne ido rufe. Sani ne na inda za a bari da inda za a taɓa, shi ya sa ya ke bukatar karatu.

ME MA'AIKACIN DAJI KE YI?

Aikin hawa hawa ne. Akwai na ƙasa, mai gadin daji, wanda ke sintiri. Su kan fita su biyar ko shida, su yi kwanaki a daji da guzurinsu, suna cire tarkuna da wayoyin da mafarauta su ka ɗana, suna duba iyakar gandu kada gona ta ci ta, suna bin sawun masu gawayi da masu katako. Da farkon rani su kan share hanyar wuta, watau su nome wani zirin fili don in gobara ta taso ta tsaya a nan. Suna rubuta abin da su ka gani: sawun wace dabba, a ina, guda nawa. A da littafi da fensir ne, yanzu akwai 'yar na'ura mai nuna wurin da mutum ya ke tsaye, akwai kuma kyamarar da a ke ɗaure wa itace ta ɗauki hoton duk abin da ya gifta da dare.

Akwai masu renon itatuwa a lambun dashe, su ne ke tara iri, su cika leda da ƙasa da taki, su raba wa makarantu da manoma in ruwa ya zauna. Akwai masu dasa jerin itatuwa na tare iska a arewacin jiha, wajen Dambatta da Makoɗa, inda iskar rani ke binne shuka da rairayi. Akwai likitan dabbobi, da mai auna ƙasa, da mai binciken tsuntsaye irin waɗanda ke ƙirga baƙin tsuntsayen da ke zuwa fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai kowane hunturu. Akwai kuma wanda aikinsa zama da jama'a ne kurum, da dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan baka, ana sasanta inda za a yi kiwo da inda za a ɗebi itacen girki. A ganina wannan na ƙarshe ya fi duka wuya, ya kuma fi duka amfani.

In kuna son ku ga abin da sintiri na gaske ke haifarwa, ku dubi Yankari ta Jihar Bauchi. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, faɗinta murabba'in kilomita 2,244. Masu neman haure sun yi wa giwayenta ɓarna ƙwarai. A 2014 Gwamnatin Bauchi ta haɗa hannu da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS, aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu kuɗin sintiri a kan kari, aka ba su kayan aiki. Bayan 2015 kisan giwa ya yi sauƙi ƙwarai. Zakin da ya rage a Nijeriya duka, a Yankari da gandun Kainji ya ke, ba su kai hamsin ba. A Jamhuriyar Nijar kuma, raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har sun koma 49 a 1996. Da aka tsare su, mutanen ƙauyuka kuma su ka ga amfanin masu zuwa kallo, sun haura 600. A 2018 aka kwashi guda 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda da can a ke da su.

DARASIN MARAƊI

Yanzu bari in faɗi abin da na san yana zukatanku. Manoma da yawa ba sa ƙaunar malamin daji. Tun zamanin En'e an san shi da tara. Mutum ya sassabe reshe a gonar ubansa, sai ga malamin daji da takarda, in kuwa an sa masa wani abu a aljihu takardar ta ɓace. Babban mai gawayi da mota ya wuce lafiya, tsohuwa da ɗaurin kirare a ka ita a ke kamawa. Ba duka ne haka ba, amma an yi da yawa har sunan sana'ar ya ɓaci.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga ƙarshen wannan hanya. A can doka ta ce itace na gwamnati ne ko a gonar wa ya tsiro. To, wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Manomi in ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun malamin daji bai gani ba. Ƙasa ta zama fili fetal, iska tana binne gero sai an sake shuka sau biyu sau uku. Aka yi ta dasa itatuwa daga lambu, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya lura da cewa 'yan kurarrajin da ke tohowa a gonaki kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa ba. Manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi. Da ya ke saiwar ta riga ta yi nisa, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace. Su ka sa wa abin suna sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa su ka gwada, don ana ba da abinci ga wanda ya yi. Amma abin da ya sa ya ɗore shi ne da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Yau an ƙiyasta kadada miliyan 5 ne su ka farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi gawo da kalgo da sabara da kuka.

Shi gawo kun san halinsa. Da damina ya ke zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su zama abincin tumaki. Duk yaron da zai shiga aikin daji, ina so ya san labarin nan kafin ya sa kaki. Manomin Gezawa ko Bichi ba ya bukatar a koya masa amfanin gawo. Abin da ya ke bukata shi ne malamin da zai tsaya masa in wani ya zo sarewa da dare.

WAHALAR AIKIN

Ba zan ɓoye muku ba, akwai hatsari. Mafarauci da bindiga ba ya son a kama shi, an kuwa sha kashe masu gadin daji a bakin aiki, a nan ƙasar da sauran ƙasashe. Kowace shekara ran 31 ga Yuli a kan tuna da su a duniya. Dazuzzukanmu da yawa sun zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Falgore kanta ta yi wannan suna wajen 2015, har sojoji su ka mai da wani sashenta filin atisaye. Albashin ƙananan ma'aikata kaɗan ne, wurin zama sau da yawa nesa da makaranta da asibiti, matar aure kuma ta kan yi kwanaki ba ta ga mijinta ba.

Ta wajen lafiya, ga abin da na ke gaya wa duk mai shiga daji, ko ma'aikaci ko makiyayi. Ya kwana cikin gidan sauro. Ya tafasa ruwan rafi ko ya sa masa magani kafin ya sha. Ya sa takalmi mai rufe ƙafa har ƙwauri, gama kububuwa a ƙafa ta fi sara, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A kwantar da shi, a sa wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi ba tare da an tsaya gwada na gida ba. Akwai asibiti musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gwambe, manyan asibitoci ma su kan ajiye allurar. Wanda ke aiki kusa da kogi mai gudu, inda baƙin ƙudan nan mai kawo makanta ya ke, ya karɓi ƙwayar Mectizan duk lokacin da aka zo rabo, kyauta ce. Dabbar da aka tsinta a mace ba a san dalili ba, kada a feɗe ta, balle a ci.

TA INA A KE SHIGA?

Yaro ko yarinya, gama mata ma suna wannan aiki, ya fara da gama sakandare da kyakkyawan sakamako a darussa biyar, cikinsu da Turanci da lissafi da ilmin halittu ko na noma, da kimiyyar sinadarai. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB. Mai son karatun difloma, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta, akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, da wata a Afaka kusa da Kaduna. Wanda zuciyarsa ke kan namun daji, kwalejinsu tana Sabuwar Busa ta Jihar Neja, kusa da gandun Kainji, an kafa ta a 1978. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, a fita a yi aiki na gwaji shekara guda, a dawo a yi babbar shekara 2. Mai son digiri, Jami'ar Bayero a nan Kano da jami'ar da ke Wudil duk suna koyar da ilmin daji da namun daji, karatun shekara 5 ne.

Masu ɗaukar aiki su ne Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da sashen aikin gona na ƙananan hukumomi, da Hukumar Gandayen Namun Daji ta Ƙasa, wadda ma'aikatanta ke sa kaki suna yin horo irin na soja. Akwai hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa a 2015, mai aiki a jihohi 11 na arewa, Kano na ciki. Akwai shirin gyaran ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. A ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara gandaye 10 cikin na ƙasa, cikinsu har da Falgore, da Baturiya ta Jigawa, da Kogo ta Katsina. Guraben ba su da yawa kamar na koyarwa, kada in yaudare ku. Amma wanda ya iya renon itatuwa ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba zai iya kafa lambun dashe nasa, ya sayar da mangwaro da gwaba da zogale da darbejiya, ko ya yi kiwon zuma.

Ɗan maharbi da ɗan makiyayi kada su rena kansu. Yaron da ya tashi ya san sawun gada daga na akuya, ya san kukan tsuntsu in ya ga mutum, ya san inda ruwa ke kwana a watan Afrilu, ya riga ya yi rabin karatun da ɗan birni zai sha wuya kafin ya samu. Abin da ya rage masa takardar makaranta ce, sai iyaye su daure su bar shi ya gama.

Mai neman ƙarin bayani ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya tambayi ofishin malamin daji, ko ya sa shugaban makarantarsu ya duba masa lokacin da a ke sayar da takardar shiga kwalejojin nan. In wani ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro aikin gadin daji, kada a ba shi ko kwabo. Hukumomin nan su kan yi shela a rediyo da jarida in za su ɗauki ma'aikata.